Kira da Shaida: Tarken Fasahar Talla Daga Kasuwar Lolo Zuwa Wayar Hannu

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka na Hausa sun daɗe suna ba waƙa da tatsuniya da karin magana da kirari haƙƙinsu, amma talla bai sami irin wannan gata ba. Watakila dalili shi ne ana ɗaukarsa maganar neman kuɗi kawai, wadda ba ta kai a zauna a feɗe ta ba. Alhali kuwa idan aka lura, babu wata fasahar harshe da Bahaushe yake cin karo da ita kullum kamar talla. Shi ne yake tashinsa da safe da muryar yarinya mai koko da ƙosai, shi ne kuma a yau yake biyo shi har kan shimfiɗarsa ta cikin wayar hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗora tallan da ake yi a intanet bisa ma'aunin tarke, kamar yadda ake yi wa waƙa ko wasan kwaikwayo. Tambayar da za mu bi ita ce, me yake tsayar da hankalin mutum, kuma shin tsayar da hankali kaɗai ya isa a ce talla ya yi kyau? Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa tallan Bahaushe na asali da ƙafa biyu yake tafiya, watau kira da shaida, kuma intanet ta ƙarfafa ta farko ta raunana ta biyu. Domin kada magana ta tsaya a iska, za mu tsaya a garin Lolo na bakin iyaka, mu ɗauki shinkafa a matsayin hajar da za mu riƙa gwada abin da muke faɗa da ita.

2.0 Lolo da Kasuwancin Bakin Iyaka

Lolo gari ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo, cikin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Yana yankin Kogin Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Wanda ya ƙetara daga nan zai faɗa Madekali, sa'an nan ya isa Malanbil mai babbar kasuwa, wadda gada ce kawai tsakaninta da Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Wannan iyaka ba tsohuwa ba ce. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta ja layi a ɗan gaba da ita. Kafin wannan lokaci kuwa, ɗaya daga cikin hanyoyin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta wannan yanki take ƙetare Kwara ta ratsa ƙasar Borgu, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 game da fataucin goro.

Abin da ya sa wurin ya dace da nazarinmu shi ne, mai saye da mai sayarwa a irin wannan kasuwa suna iya haɗuwa ba harshensu ɗaya ba, ba kuɗinsu ɗaya ba, ba mudunsu ɗaya ba, ba kuma doka ɗaya take kansu ba. Ga Hausa, ga Dandanci da Zabarmanci, ga Fulatanci, ga kuma Faransanci a tsallake. Ga naira, ga sefa. Duk da haka ciniki yana faɗawa, har ma a ba da kaya bashi. Binciken da Olivier Walther ya yi a kan 'yan kasuwar Gaya da Malanbil da Kamba ya nuna cewa sanayya da amana tsakanin iyayen gida da dillalai su ne ginshiƙin wannan ciniki. Ke nan duk mai son ya san abin da talla yake iya yi da abin da ba ya iya yi shi kaɗai, bakin iyaka ne makarantarsa.

Ita kuwa shinkafa, ita ce hajar da ta fi kowace jawo wa wannan yanki suna a shekarun baya-bayan nan. Fadamun Kwara suna ba da ita, sa'an nan kuma ta ƙasashen Asiya, musamman Tailan da Indiya, tana sauka a tashar Kwatano ta biyo hanya ta nufo iyakokin Nijeriya. A watan Nuwamba na 1915 babu wanda zai yi zaton haka, amma shekara ɗari daidai bayan nan, a Nuwamban 2015, Birnin Kebbi aka zaɓa don ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance. A watan Agusta na 2019 kuma gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamban 2020. A tsakanin waɗannan shekaru shinkafa ta zama abin da gwamnati da kamfanoni da ƙananan 'yan kasuwa kowa yake yi wa talla.

3.0 Tubalan Tallan Gargajiya

Idan aka warware tallan kasuwa, za a tarar da tubali uku a cikinsa.

Na farko shi ne kira. Aikinsa ɗaya ne tak, watau ya sa mai wucewa ya waiwayo. Mai talla yana cim ma haka ta jan wasalin ƙarshe, da ɗaga murya a inda ba a zata ba, da maimaita kalma guda har ta zauna a kunne. Shi ya sa ko daga cikin gida mace takan rarrabe mai fura da mai goro tun ba ta tantance kalmomin ba, domin kowace haja da nata karin murya. Wasu kuma sukan haɗa da abin kallo, kamar mai magani da yake shimfiɗa fatu da ƙahoni, ko ya fito da maciji, don jama'a su kewaye shi.

Na biyu shi ne kambamawa. A nan ne talla ya yi tarayya da roƙo da kirari. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa tsari ne mai ƙa'idoji waɗanda maroƙi da wanda ake wasawa da masu sauraro duk sun san su. Idan maroƙi ya kira ubangidansa giwa, babu mai zuwa neman haure. Haka nan idan mai rake ta ce rakenta ya fi zuma, babu mai kai ta gaban alƙali. Kambamawa irin wannan wasa ne da kowa ya san iyakarsa, kuma a cikinta ne mai talla yake nuna gwanintar harshe.

Na uku shi ne shaida, kuma shi ne tubalin da manazarta suka fi mantawa da shi, domin galibinsa ba da baki ake yin sa ba. Mai saye yana tsoma hannu cikin buhu, ya ɗebo daga ƙasa, ya murza, ya sansana, ya ciza. Ana yin awo a gaban idonsa, a ƙara masa gyara. Idan cinikin babba ne akwai dillali wanda yake cin la'ada, wanda kuma sunansa ne zai ɓaci in kaya suka fito da aibi. Bayan dillali akwai sarkin kasuwa. Fiye da wannan duka, akwai sanin cewa kasuwa za ta sake ci, kuma mai kaya zai dawo rumfarsa. Abner Cohen ya bayyana a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan suke sayar da shanu bashi bisa maganar maigida da dillali kawai, ba tare da takarda ba.

Saboda tubali na uku yana nan daram, shi ya sa aka sakar wa na farko da na biyu mara. Mai talla ya zuga kayansa yadda ya ga dama, ai gani ya kori ji. Mutum ɗaya ne a kasuwar gargajiya yake da kira da kambamawa amma ba shi da shaida, shi ne magori. Yau yana wannan gari, gobe ya yi gaba, kafin a gane ko maganinsa ya yi aiki ya ƙetare kogi. Ba banza ba Hausawa suka yi masa kirari da mai wasa kansa da kansa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan siffa ta magori, domin za mu sake komowa kanta.

4.0 Abin da Intanet ta Sauya

Talla ya daɗe da fita daga bakin mai kaya ya shiga kafofin zamani. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kansa talla ne: Gaskiya Ta Fi Kwabo ya faɗi haja, ya faɗi farashi, ya kuma ce hajar ta fi kuɗinta. Daga baya rediyo da majigi da talabijin suka karɓa. To amma a duk waɗannan akwai mai tsaron ƙofa, edita ko shugaban shirye-shirye, kuma kuɗin sa talla ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Bayanta Facebook da YouTube da WhatsApp da TikTok suka biyo, har Facebook ya sami fassarar Hausa a 2016. Abu biyu suka fi muhimmanci ga mutumin Lolo a cikin wannan sauyi. Na farko, saƙon murya da gajeren bidiyo sun cire sharaɗin iya karatu da rubutu, suka mayar da talla gidansa na asali, watau baki da kunne. Na biyu, ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya. Da waɗannan biyu suka haɗu, sai ya zama mai shinkafa a bakin Kwara yana iya nuna kayansa ga mai saye a Sakkwato ko Kano, a biya shi ba a taɓa haɗa ido ba.

Sai dai wannan sabuwar kasuwa da nata sarkin kasuwa, kuma abin da yake aunawa daban ne. Masanin nan Ba'amurke, Herbert Simon, ya yi nuni tun a 1971 cewa idan labari ya yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin mai sauraro. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandamali hankalin jama'a suke tarawa su sayar wa masu talla. Saboda haka na'urorinsu suna lissafin daƙiƙa nawa mutum ya tsaya a kan bidiyo, ko ya maimaita shi, ko ya yi magana a ƙarƙashinsa, ko ya tura wa wani, sa'an nan su ƙara yaɗa wanda ya fi tsayar da mutane. A YouTube akwai tallan da ake iya tsallakewa bayan daƙiƙa 5. Facebook kuwa ya daɗe yana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallo guda. Watau an ba mai talla lokacin da bai kai na amsa sallama ba, a ciki zai kama mutum ko ya rasa shi.

Abin da yake cin nasara a cikin wannan ɗan taƙi sananne ne: fuska a kusa, ƙara ko ihu, abin dariya, abin mamaki, abin tsoro, abin da ya taɓa kunya, da kuma gardama. Duk waɗannan kira ne, kuma magori ya san su tun kafin a ƙera waya. Abin da na'ura ba ta aunawa shi ne ko buhun da ya isa Kano shi ne wanda aka nuna a bidiyo. Wanda ya tsaya don ya yaba da wanda ya tsaya don ya yi zagi, duk ɗaya suke a lissafinta. A taƙaice, intanet ta ba kowane mai kaya damar magori, ya yi kira a garin da ba a san shi ba, ya ɓace in ya ga dama.

5.0 Misalai Uku Daga Tallan Shinkafa

5.1 Suna

Talla mafi gajarta shi ne suna. A bakin jama'a akwai 'yar waje ko 'yar gwamnati, akwai kuma 'yar Hausa ko 'yar gida. Kowane suna da alkawarin da ya ɗauka: na farko yana cewa babu tsakuwa, na biyu yana cewa akwai ɗanɗano da auki. Da yake sunan yana jikin buhu ne, ba jikin ƙwaya ba, sai aka sami masu juye ta waje a buhun gida don su kauce wa jami'an kwastan, da masu juye ta gida a buhun waje don su sami farashi. A kasuwa hannu yana tona wannan asiri. A hoto kuwa buhu kawai ake gani.

A Disamban 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, inda aka ɗauki farkon sunan kowace jiha aka haɗa, sai ya ba da kalmar Ingilishi mai nufin tafki. Ta fuskar kira wannan suna ya yi armashi, gajere ne, yana da sauƙin riƙewa, ya kuma yi ta yawo a intanet. Ya zo da shaida mai ƙarfi a farko, domin an faɗi farashi ƙarara, naira 12,000 buhu mai kilo 50, an kuma faɗi wuraren sayarwa. Rauninsa biyu ne. Hikimar sunan ba ta fita sai a kunnen mai jin Ingilishi, saboda haka manomin da ya noma ta bai ji kansa a ciki ba. Sa'an nan da shinkafar ta yi wuyar samu daga baya, sai sunan ya rage yana yawo ba haja a bayansa.

5.2 Hoto

A watan Janairu na 2022 aka ƙaddamar da dalar shinkafa a Abuja, aka ce buhunan shanshera sun kai miliyan guda. Duk wanda ya tsara wannan ya san tarihi, domin ya aro siffar dalar gyada ta Kano, wadda har yau take tsaye a zukatan mutane a matsayin alamar zamanin wadata. Hoto ne da ba ya bukatar fassara, kuma ya mamaye wayoyi cikin yini guda. Amma nan da nan wani hoto ya fito yana nuna dala da katako a cikinta, buhuna a sama kawai. Masu bin diddigin labarai suka nuna cewa wannan hoto na biyu tsoho ne, daga wani wuri aka ɗauko shi, amma ya riga ya yi tafiyarsa.

Darasin da yake nan ga mai tarke shi ne, hotunan nan biyu da makami ɗaya suka yi yaƙi. Kowanne kira ne, babu wanda mai kallo zai iya tsoma wa hannu. Shaidar da jama'a suke jira ita ce farashin mudu a kasuwa, shi kuwa bai sauko ba. Idan talla ya dogara ga hoto kaɗai, wani hoton yana iya rushe shi, ko da na ƙarya ne.

5.3 Murya

Bari mu ƙaga misali biyu na irin saƙon da ƙaramin ɗan kasuwa yake turawa, don mu gwada su. Ga na farko:

"Jama'a ku taho! Shinkafar da ba a taɓa ganin irinta ba! Fara sol, ba tsakuwa, farashi kamar kyauta! Saura buhu kaɗan, wanda ya yi jinkiri ya yi asara!"

Ga na biyu, da karin harshen yamma:

"Salamu alaikum. Yau Laraba, ga ni bakin ruwa. Wagga shinkahwa ta bana ta, ga kwanon da nika awo da shi. Akwai 'yat tsakuwa kaɗan, sai an rege ta. Wanda ad da shakka shi turo mutum nai shi duba."

Na farko kira ne da kambamawa zalla. Da a rumfa aka yi shi da babu laifi, domin buhu yana buɗe. A waya kuwa kowace jimla tasa tana tura mai saye ga cinikin biri a sama, musamman ta ƙarshe wadda aikinta shi ne ta hana shi tsayawa ya yi tunani. Kuma kowa yana iya faɗinsa a kan kowace haja, babu abin da ya ɗaure shi da wuri ko rana ko mutum.

Na biyu ba shi da ihu, amma a lura da abin da ya yi. Ya faɗi rana da wuri, ya nuna ma'auni, ya ambaci aibin kayansa da bakinsa, ya kuma buɗe ƙofa ga ɗan aike. Ambaton tsakuwar nan shi ne ƙololuwar fasaharsa, domin wanda ya faɗi aibi ɗaya ya sa an yarda da shi a kan sauran. Wannan mai talla ya ɗauki tubalin shaida, wanda a da hannu da ido suke yi, ya mai da shi magana. A ganinmu wannan ita ce ƙirƙira ta gaskiya a tallan intanet, ko da yake na'ura za ta fi yaɗa na farko.

6.0 Harshe da Iyaka

Akwai wata matsala da bakin iyaka yake fito da ita fili. Kira yana ƙetare iyaka ba fasfo, amma shaida ba ta ƙetarewa sai da tafinta. A ɗauki kalmomin kuɗi. A bakin Hausawan ƙasashen sefa, dala tana nufin sefa 5, jaka kuwa sefa 1,000. A Nijeriya jaka fam 100 ce a da, da aka sauya kuɗi a 1973 ta koma naira 200. Dillalin bakin iyaka ya san wace jaka ake nufi daga ganin wanda yake magana. Saƙon murya kuwa da zarar an tura shi gaba sau biyu ko uku, ya rabu da mai shi, ya rabu da ranarsa. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 canji yake hawa da sauka, saboda haka farashin makon jiya yana iya zama ƙarya yau ba tare da mai shi ya yi ƙarya ba. Haka nan mudu da tiya da kwano, kowace kasuwa da girman nata.

Karin harshe ma yana da nasa aiki. Hausar da ta fi yawa a tallan intanet ita ce ta Kano, wadda rediyo da finafinai suka daidaita. Tana kai saƙo nesa, amma ba ta nuna daga inda ya fito. Wanda ya ce shinkahwa, ya ce anka da munka, ko ya jefa gaisuwar Zabarmanci a tsakani, ya sa wa maganarsa hatimin wuri. Ga mai neman shinkafar Kebbi, wannan lafazi ya fi tambarin da aka buga a jikin buhu. Ya kamata malamanmu masu koyar da daidaitacciyar Hausa su lura da wannan, kada su sa ɗalibai su ɗauka karin harshe aibi ne a ko'ina.

Ta fuskar doka kuwa, a 2022 aka kafa hukumar ARCON a madadin APCON wadda ta samo asali daga dokar 1988, aka ba ta ikon tantance talla har da na intanet. Wannan yana iya kama manyan kamfanoni. Amma saƙon da aka naɗa a Malanbil, aka tura wa wani a Lolo, ya watsa shi a zaurukan WhatsApp na Jega da Sakkwato, wace hukuma ce za ta tantance shi? A nan babu abin da ya rage sai tarbiyyar kunnen mai sauraro.

7.0 Ma'aunin Tarke

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarar tambayoyi huɗu ga mai nazarin talla.

(a) Kiran daga jikin hajar ya fito, ko aro shi aka yi? Ƙarar zubar ƙwaya cikin kwano kira ne na shinkafa. Rawa ko faɗan ƙarya da aka shirya don a tara 'yan kallo macijin magori ne.

(b) Kambamawar a fili take, kowa ya san wasa ce, ko ta sa rigar labari? Cewa shinkafa ta fi amarya kyau zuga ce. Cewa ba ta da tsakuwa da'awa ce, ana iya gwada ta.

(c) Wace shaida tallan ya ba da wadda mai saye zai iya bi? Rana, wuri, ma'auni, farashi da irin kuɗin, da mutumin da za a kama.

(d) Masu yabon da suke kewaye da shi na gaske ne? Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun hana najashi, watau mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Sayen mabiya da shirya masu rubuta yabo a ƙarƙashin bidiyo najashi ne da ya sauya tufafi.

Dole mu yarda cewa wannan ma'auni yana da iyaka. Duk salon da aka ga yana jawo yarda, mayaudari zai kwaikwaye shi, har ya koyi ambaton ƙaramin aibi don ya ɓoye babba. Daɗin daɗawa, a 'yan shekarun nan an sami na'urorin da suke kwaikwayon murya da fuskar sanannun mutane, a sa su tallan abin da ba su san da shi ba. Ke nan ko gani ma ya fara kasa korar ji. Wannan bai rushe ra'ayinmu ba, sai ma ya nuna cewa ƙarshen shaida mutum ne. Shi ya sa har yanzu mai saye na nesa yakan nemi wani nasa a garin ya je ya duba, ko ya biya ta hannun direban da ya sani. Dillalin da aka zaci waya za ta kashe, ita ce ta sake nemo shi.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa abin da yake kama hankali a intanet ba baƙo ne ga Bahaushe ba, tsohon kira ne aka ba shi sabuwar kafa mai auna shi da daƙiƙa. Abin da ya ɓace a hanya shi ne hannun da ake tsomawa cikin buhu, da rumfar da za a komo a tarar da mai ita. Saboda haka bai kamata mai tarke ya ari ma'aunin na'ura ya ce tallan da ya fi yawan 'yan kallo shi ya fi fasaha ba. Gwani shi ne wanda ya tsayar da mutum, sa'an nan ya ba shi abin da zai riƙe ya gwada.

Aiki yana nan gaban ɗalibanmu na manyan digiri. Kiraye-kirayen kasuwannin Lolo da Illo da Kamba, cikin Hausa da Dandanci, suna bukatar a naɗe su a rubuta. Saƙonnin murya na 'yan kasuwa kuma sun fi su saurin ɓacewa, domin abin da aka ɗora a allon WhatsApp na yini bayan awa 24 yake gushewa. Wanda ya tattara su yau, da ranakunsu da farashinsu da lafazinsu, ya ajiye wa masu zuwa tarihin harshe da na ciniki a lokaci guda.